Dakta Shu'ibu Ya Auna Tafiyar Tsofaffi

Mako uku kacal Shu'ibu ya yi a asibiti, amma ya fi shekara biyu yana ba da labarin. Wani abokinsa ne mai tura keken marasa lafiya a wani asibiti a Kano ya tafi hutu, ya ce ya zo ya riƙe masa. Aka ajiye shi a sashen gashin ƙashi, inda ake koya wa masu karaya da masu shanyewar ɓarin jiki tafiya. Aikinsa ya turo mutum, ya tsaya a bakin ƙofa, in an gama ya mayar da shi gadonsa. A bakin ƙofar nan ya yi duk karatun likitancinsa. Da ya dawo Hadejia ya koma rumfarsa ta cajin waya, sai ya sanar da cewa daga yau Dakta ne sunansa. Mutanen unguwar Bakin Jinga ba su yi musu ba, tunda suna ba ya cin tuwon kowa.

Wata Laraba bayan la'asar Mai unguwa Muttaka ya tsayar da jama'a a ƙofar masallaci. Ya ce ranar Asabar da hantsi wata likitar gashin ƙashi za ta zo ta duba tafiyar tsofaffi da masu jinya. Mai buƙatar sanda a ba shi, mai buƙatar motsa jiki a koya masa.

Shu'ibu bai tsaya jin ƙarshen sanarwar ba. Ya shiga gida ya tarar da matarsa Ummussalma tana gyaran tarwaɗa a bakin rijiya.

"Ummussalma, kakarmu ta yanke saƙa."

"Wace kakar, Baban Aziza? Tawa ko taka?"

Ya jawo kujera ya zauna ya zayyana mata. Kafin Asabar shi zai auna duk tsofaffin unguwa, ya rubuta a littafi. Likita na zuwa ta tarar an gama aiki. Za ta tambaya wane gwani ne ya yi wannan, a nuna shi. Daga nan sai ta naɗa shi wakilinta, tun daga Hadejia har Kaugama da Malam Madori, ƙila ma a haɗa masa da babur.

"Ka san gwajin kuwa?"

"Na ga an yi shi ya fi sau ɗari."

"Ni ma kullum ina ganin jirgin sama yana wucewa."

Ta ajiye wuƙar ta dube shi, wannan karon ba wasa a fuskarta. Mahaifinta, Baba Umara, tsohon masunci ne kuma manomin shinkafa. Wata takwas ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya yi ta fama da motsa jiki har ya miƙe yana dogara sanda, amma babban ɗansa Usaini ya hana shi zuwa fadama sai likita ta ce ya je. Ga shi an fara dashen rani, tsoho yana zaune a zaure yana jin ƙarar injinan ban ruwa daga nesa. Asabar ɗin nan yake jira kamar ranar salla.

"Ka yi wasanka da kowa," in ji ta, "amma kada ka sa hannu a maganar Baba."

"Suruki ai na gida ne. Shi zan fi kula da shi."

Ranar Alhamis da safe Shu'ibu ya kafa asibitinsa a gindin darbejiyar ƙofar Mai unguwa. Ya zo da kujerar roba, da usur, da littafin rubutu, da wayarsa mai agogo. Farar riga kuwa a gidan burodi ya aro ta, shi ya sa duk inda ya juya ƙudaje na biye da shi. Ya ja layi a ƙasa taku kaɗan daga kujerar. Jama'a suka taru, har masu tafiya gona suka jingine kekunansu.

Wanda aka fara kawowa Malam Yunusa ne, tsohon tela mai nauyin kunne. Gwajin da Shu'ibu ya gani a Kano mai sauƙi ne: mutum ya tashi daga kujera, ya taka zuwa layi, ya juyo ya zauna, ana duba agogo. Shu'ibu ya yi wannan bayani da sauri, yana fuskantar jama'a, yana tsarma Turancin da shi kaɗai ya san ma'anarsa. Malam Yunusa dai ya ga baki na motsi. Sai Shu'ibu ya sunkuyo daidai kunnensa ya ɗaga murya.

"Malam, tashi ka tafi."

"Ni?"

"Kai. Tashi ka tafi."

Ya busa usur ya danna waya. Malam Yunusa ya miƙe, ya karkaɗe babbar rigarsa, ya dubi Mai unguwa da kyau. Ya taka ya isa layi, ya tsallake shi, ya ci gaba da tafiya har ya sha kwanar gidan mai niƙa.

"A kira shi mana," in ji Mai unguwa.

"Kada wanda ya motsa. Gwaji ba a sa masa baki. Zai juyo."

Aka zauna. Inuwa ta matsa, aka matsa da tabarma. Mai ƙosai ta sayar da na farko ta zuba na biyu. Can sai ga wani maƙwabcin Malam Yunusa ya zo wucewa, aka tambaye shi.

"Yana gida yana shan kunu. Ya ce shekararsa saba'in da huɗu, ba a taɓa korarsa daga ƙofar Mai unguwa ba sai yau."

Shu'ibu ya tsayar da agogo ya rubuta, yana karantawa a fili: "Malam Yunusa, minti arba'in da ɗaya, kuma bai dawo ba. A ba shi keken guragu."

Ta biyu Iya 'Yar'azumi ce mai soya kifi, wadda ba wanda ya san shekarunta, sai dai ita ta yi wa mahaifiyar Mai unguwa wankan jegonsa. Ba zuwa ta yi ba, wucewa take da farantin kifi a ka aka tare ta.

"Iya, ɗaga ƙafa ɗaya ki tsaya a ɗaya."

"Don me? Biyu Allah ya ba ni."

"Za a auna tsayuwarki ne."

"Balbela ka mayar da ni? To fara yi in gani."

Shu'ibu ya yi murmushin masana. Ya ce jama'a su ƙirga masa. Ya ɗaga ƙafa, ya buɗe hannuwa, don ƙarin burgewa ya rufe ido. Jama'a suka ce ɗaya, suka ce biyu. Wani ƙuda daga cikin masu rakiyar rigar ya sauka a kan hancinsa. Ya kai masa mari, ƙasa ta juya, ya tafi da baya ya zauna daram a kan butar alwalar Mai unguwa. Butar ta yi ƙara ta fashe.

"Uku," in ji wani daga baya, don kada ƙirgen ya tashi a banza.

Iya 'Yar'azumi ta ɗaga ƙafarta ta hagu, faranti na kanta, goro na bakinta. A haka ta tsaya ta shiga ba jama'a labari.

"Wannan da kuke gani sai da ya shekara uku bai taka ba. Da gindi yake ja. Uwarsa har rubutu ta karɓo masa a Miga. Ranar da ya fara tafiya kuwa, kaskon tuyata ya hango."

Ta gama labarin, ta amsa gaisuwar mutum biyu, ta sayar da kifi ɗaya, ƙafar tana sama.

"In sauke, ko da saura?"

Shu'ibu yana matse bayan rigarsa ya ce ta sauke. Ya rubuta: "Iya 'Yar'azumi, surutu ya ɓata gwaji. A ba ta sanda."

Sai ga Baba Umara ya iso, yana dogara sandarsa ta gora, ɗansa Usaini na gefensa. Ya sa wankakkiyar riga. Shu'ibu ya durƙusa ya gaishe shi, tsoho ya amsa da "Wushe, wushe," irin gaisuwarsu ta Barebari, ya zauna a kujera.

"Baba, ƙarfin hannu za mu fara aunawa. A Kano da na'ura ake yi, amma hannuna ya fi na'ura. Miƙo mai ciwon ka matse nawa iya ƙarfinka."

Ya nuna hannun da yake nufi. Amma da yake suna fuskantar juna, hagun Shu'ibu ita ce damar tsoho. Baba Umara ya dubi hannun da aka nuna, ya ga ba shi ne mai ciwon ba. Sai dai ba ya son ƙaryata suruki a gaban jama'a, ya miƙa. Hannun nan shekara hamsin yana jan taru daga kogi.

Ya matse.

Shu'ibu ya ji yatsunsa huɗu sun koma ɗaya. Ya buɗe baki, ya tuna a gaban surukinsa yake, ya rufe. Ya miƙe a kan yatsun ƙafa. Hawaye ya zubo masa.

"In ƙara?" in ji Baba Umara.

"Ya isa, Baba," ya faɗa da wata siririyar murya.

"Dakta kuka yake?" in ji Iya 'Yar'azumi, wadda ta fasa tafiya.

"Tausayi ne. Hannun ya yi rauni ƙwarai."

Aka zo gwajin tafiya. Baba Umara bai da matsalar kunne. Ya tashi, ya taka zuwa layi, ƙafar hagu na ɗan jan ƙasa, ya juyo a hankali ya zauna. Jama'a suka yi ta barka. Shu'ibu ya ɗauki wayar da hannun da ba ya jin komai, ya daddanna, ya duba. Ashe tun lokacin da ya faɗa kan buta agogon ya tashi, bai tsaya ba.

"Minti goma sha huɗu."

"Haba Dakta," in ji Mai unguwa, "ko fatiha ban gama ba ya dawo."

"Ido yana ƙarya, Mai unguwa. Na'ura ba ta yi."

Ya rubuta da hagu, yana faɗa: "Baba Umara, hannu ba ƙarfi, tafiya ba sauri. Kada ya taka fadama bana."

Nan dariya ta tsaya. Usaini ya gyaɗa kai ya ce dama abin da yake gudu ke nan. Baba Umara ya ɗauki sandarsa ya miƙe, ya ƙi hannun da ɗansa ya miƙo masa, ya nufi gida.

Da magariba Ummussalma ta ajiye wa mijinta tuwo, ta koma gefe.

"Ina miyar?"

"Na auna ta, ba ta da ƙarfin zuwa nan."

Ya ci tuwonsa gaya, da hannun hagu.

Kafin gari ya waye ranar Juma'a labari ya zaga cewa duk wanda ya faɗi gwajin Dakta za a ba shi buhun shinkafa da keke. Da Shu'ibu ya iso gindin darbejiya ya tarar da layi har bakin titi. Kowa na ɗingishi. Mutanen da jiya aka gani suna ɗaukar buhun taki yau sun zo da sanduna. Wani mai faci ɗan shekara arba'in ya zo yana rawar jiki yana kiran Shu'ibu "ɗana". Wani kuma a baro aka turo shi, an lulluɓe shi da bargo, yana nishi.

Da farko abin ya yi wa Shu'ibu daɗi. Amma da ya ga rana na yi, layi na ƙaruwa, ga masu ɗingishi sun fara dambe a kan waye a gaba, sai ya hau kujerar roba ya busa usur.

"Jama'a, ku saurara. Babu maganar shinkafa. Duk wanda ya faɗi gwajin nan, asibiti za a kwantar da shi wata uku. Ba gishiri, ba goro, ba shayi. Allura safe da yamma."

Sai sanduna suka fara komawa kafaɗa. Mai faci ya tuna ya bar taya a kan wuta. Na cikin baro ya yaye bargo, ya sauko, ya naɗe shi, ya kama baron ya tura da kansa. Kafin Shu'ibu ya sauko, kujerar ta gaji da shi, ƙafarta ɗaya ta lanƙwashe, ta sauke shi.

"Ka ga aiki," ya ce wa Mai unguwa daga ƙasa. "Mutum sittin na warkar da baki kawai."

Ranar Asabar Mai unguwa da kansa ya bi gida gida ya lallaso tsofaffi goma sha ɗaya, har da Malam Yunusa, bayan an yi masa bayani da ƙarfi an ba shi haƙuri. Suna zaune suna jiran likita sai ga Shu'ibu da rigarsa. Ya damƙa wa Mai unguwa littafin ya ce a riƙe da kyau. Ya ce saura babban gwaji, tafiyar minti shida, kuma ya kamata likita ta tarar an yi nisa.

A Kano a doguwar baranda mai santsi da kujerun hutawa ake yin wannan gwajin. Shu'ibu kuwa ya zaɓi kan jinga, tudun ƙasar da aka yi a bayan unguwa don tare ambaliya, saboda duk motar da ta taho daga titi sai ta hango wanda ke kai. Gefe ɗaya gidaje ne, ɗaya gefen kuma magudanar ban ruwa ce cike da taɓo da ciyawar kacala.

"Ni ba inda za ni," in ji Iya 'Yar'azumi.

Amma Baba Umara ya riga ya miƙe. Daga kan jinga ana hango gonarsa, wata takwas bai sa ta a ido ba. Da tsofaffi suka ga ya tashi sai suka bi shi. Iya ma ta bi, ta ce ba za a ba ta labari ba.

Shu'ibu ya jera su, ya shiga gaba yana fuskantar su, yana tafiya da baya, waya a sama, usur a baki. Tsofaffi na tafe suna hirar farashin taki. Baba Umara na can ƙarshen layi, idonsa na kan fadama, inda masu dashe suka sunkuya cikin ruwa.

Sai ga farar mota ta sauko daga titi. Shu'ibu ya hango ta. Ya gyara wuyan riga, ya ƙara faɗin taku, ya ɗaga murya yadda za a ji daga nesa.

"Hagu, dama. Hagu, dama. Malam Yunusa, ɗaga ƙafa. A Kano ba ma wasa da wannan."

"Dakta," in ji Iya 'Yar'azumi, "duba bayanka."

"Iya, na hana surutu."

"To."

A daidai nan jingar ta yi kwana, Shu'ibu bai yi ba. Ƙafarsa ta taka iska. Ya tafi da baya, usur na kuka a bakinsa, ya gangara ya faɗa magudanar. Kwaɗi suka watse. Da ya ɗago, taɓo ya kai masa ƙugu, farar riga ta koma kalar daddawa, ƙafarsa ta dama ta maƙale a ƙasa, idon sawun na masa zugi.

Tsofaffi suka jeru a bakin jinga suna leƙe.

"Wannan ma cikin gwajin ne?" in ji Malam Yunusa. "Mu ma shiga za mu yi?"

"Ku kira samari," in ji Shu'ibu.

"Samari na wurin dashe," in ji Iya. "Sai mu da ka rubuta wa keken guragu da sanda."

Ya yunƙura, ya ƙara nutsewa. Yanzu taɓon ya kai cibiya, kuma muryarsa ta daina kama da ta Dakta.

Baba Umara ya matso. Ya dubi gangaren kamar yadda yake duban bakin kogi. Ya juya gefe, ya kafa sanda, ya sauke ƙafar hagu, ya bi ta da ta dama. Ya sake kafa sanda. Usaini ya taho da gudu daga wajen motar, tare da wata mace mai farin hijabi da jaka a kafaɗa. Ita ce likitar, sunanta Mansura. Usaini zai gangara ya kamo mahaifinsa, ta ce masa ya sauka ya tsaya kusa da shi, amma kada ya taɓa shi sai in ya ga zai faɗi. Ita ma ta biyo ta ɗaya gefen, idonta na kan ƙafafun tsohon.

Baba Umara ya isa inda ƙasa ke da tauri. Ya buɗe ƙafafu, ya miƙa wa surukinsa kan sandar.

"Kama da hannu biyu. Kada ka ja, kwanta a kan taɓon kamar tarwaɗa. Ni zan ja."

Ya riƙe da dama, ya ɗora hagu a baya, ya ja. Taɓo ya yi wata irin tsotsa ya saki. Shu'ibu ya fito a kan cikinsa, ba takalmi, ba usur, ba waya. Tsoho ya juya ya hau gangaren, ƙafar dama a gaba, ya tsaya a sama yana haki, yana murmushi.

A baro aka mayar da Shu'ibu gindin darbejiya. Likita Mansura ta sa aka kawo kujerar katako mai hannu daga zauren Mai unguwa, ta auna mita uku da tef, ta sa aka share wurin. Mai unguwa ya miƙa mata littafin, ya ce Dakta ya rage mata aiki. Ta buɗe ta karanta, ta rufe baki da gefen hijabi, ta sake karantawa.

"Waye Malam Yunusa mai minti arba'in da ɗaya?"

Aka nuna shi. Ta tsaya a gabansa inda zai ga bakinta, ta yi masa bayani a hankali, ta yi tafiyar da kanta ya gani. Ya tashi, ya je, ya dawo, ya zauna.

"Sakan goma sha ɗaya. Baba, ƙafarka lafiya lau. Kunnen za mu duba."

"Dama haka ake so? To ai da an faɗa."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowa sai ta tambaye shi ko ya taɓa faɗuwa a bana, ko yana jin jiri in ya miƙe, wane magani yake sha. Mutum biyu ta ba sanda, ta daidaita musu tsawonta. Iya 'Yar'azumi kuwa da ta tashi ta zauna sau biyar ba tare da dafa komai ba, likita ta ce ta je ta ci gaba da suyarta.

Sai aka zo kan Baba Umara. Ummussalma na tsaye a bakin zaure da mayafi. Likita ta auna jininsa, ta sa ya matse wata ƙaramar na'ura da dama, sannan da hagu. Ta sa ya yi tafiyar sau biyu, tana tafe a gefensa.

"Sakan goma sha uku. Ƙafar hagu na ɗan ja, hannun ma da saura, sai a ci gaba da motsa su. Amma abin da na gani a gangaren can ya fi wannan layin wuya." Ta juya ga Usaini. "Zaman zaure ba zai ƙara masa komai ba. Ya riƙa zuwa gona da safe kafin rana ta yi zafi, da sandarsa, wani na tare da shi. Kada ya shiga ruwa tukuna, ya tsaya a kan kunyar gona ya ba da umarni. Bayan wata ɗaya ku kawo mini shi."

Usaini ya ce to. Baba Umara ya sunkuyar da kai ya daɗe yana shafa kan sandarsa. Da ya ɗago, abin da ya ce kawai shi ne, "Na hango sun yi dashen da faɗi. Gobe zan gyara musu."

Na ƙarshe da aka duba Shu'ibu ne. Likita ta lallatsa idon sawun, ta ce targaɗe ne ba karaya ba, ta ɗaure. A cikin motar akwai sandunan hammata guda biyu da aka zo da su ko za a sami mai buƙata. A duk unguwar ba wanda ya buƙace su sai shi.

"Malam Shu'ibu," in ji ta tana daidaita masa su, "a wane asibiti ka yi aiki?"

"A Kano. Sashen gashi."

"A wane matsayi?"

Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi.

"Ɓangaren sufuri," ya ce.

Kwana biyu bayan nan aka same shi a rumfar caji, ƙafa a kan benci, majalisa ta cika. Baba Umara ya wuce tun da sassafe zuwa fadama, kuma Ummussalma ta dawo da miya cikin tuwo, don haka bakin Dakta ya dawo daidai.

"Abin da ba ku gane ba," yake cewa, "faɗawar nan da gangan na yi ta. Gwajin ceto ake ce masa, ko a Kano ba kowa ya iya shi ba. Wa ya sa likita ta ga Baba yana gangara? Ni. Da na bar ta da kujerarta da tef ɗinta, da yanzu yana zaure. Ina warkewa zan yi wa sauran goman, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage kawai a sami wanda zai riƙa faɗawa magudanar, tunda ni na yi nawa."

Ya dubi Mai unguwa. Mai unguwa ya shiga neman takalminsa. Ya dubi mai faci, mai faci ya dubi sama.

Iya 'Yar'azumi, wadda ta tsaya da farantinta tun farkon jawabin, ta gyara gammo.

"Kai dai ka warke, Dakta. Ba sai ka wahalar da kanka da tafiya da baya ba. Ka tsaya a bakin jingar kawai, ni zan hankaɗa ka."